Kwana Tara Gefen Motar Sidi

Ban taɓa shan wahala irin ta hanyar Tamanraset zuwa Janet ba, kuma ko maƙiyina ba na yi masa fatanta. Mutane in sun ji an ce hamada sai su ɗauka rana ce da yashi. Inda muka bi dutse ne, tudu bisa tudu, kuma sanyi ne ya yi mana illa.

Sunana Garba, mutumin Nahuce ta ƙasar Bunguɗu. Shekara ashirin da biyu na yi ina jan roka, babbar motar kaya, ina kwaso hatsi daga kasuwannin ƙauye zuwa Gusau. Shekarar da aka ba mu jiha maigidana ya sayar da motar, na zauna ba sitiyari har na fara jin kunyar shiga gida da rana. Wanda na tafi da shi Mamman ne, magini, mutumin Tsafe, ɗan kawuna. Taubashina ke nan, tun muna yara kowa na cewa ɗan'uwansa ne bawa. Ni na ce masa a Libiya ana neman magina ruwa a jallo. Ban taɓa zuwa ba, a tasha na ji. Ya bar mata da 'ya'ya biyar ya biyo ni.

Agadas da Arlit da Asamaka ba zan tsaya kansu ba, duk wanda ya bi ya san abin da ake yi wa mutum a can. A Tamanraset guzuri ya ƙare. Wata uku muka yi muna kwana cikin wani busasshen rafi a bayan gari tare da sauran baƙi, in 'yan sanda sun taso mu watse cikin duwatsu. Mamman, wanda a Tsafe sai an bi layi kafin ya sa maka bulo ɗaya, ya koma ɗaukar kwanon siminti. A rafin nan ya samo tari.

Bayan ƙaramar salla aka haɗa ni da wani Balarabe mai suna Sidi. Hausarsa a Tawa ya koye ta. Yana da akori-kura biyu irin na hamada, direban ɗaya ya gudu. Ya ce in ja masa ita zuwa Janet, shi kuma zai haɗa mu da masu tsallakar da mutane Gat ta cikin Libiya. Ba lada, tafiyar ita ce ladan. Na ce mu biyu ne. Ya dubi Mamman daga sama har ƙasa, ya ce to, zai yi amfani wajen turi. Kayan katan-katan ne na sigari a ƙasa, buhunan lalle a sama. Shi ya sa ba za mu bi babbar hanya ba. Na huɗunmu wani tsohon Buzu ne, Agali, shi ya san hanya, yana zama gaba a motar Sidi.

Ranar farko na gane tuƙin da na sani ba tuƙi ba ne. Hanya babu, sai 'yan duwatsu da wani ya taɓa ɗorawa kan juna, ka wuce wannan tari ka nemi na gaba. Giya ɗaya, giya biyu, wuni guda. Duwatsun baƙaƙe ne masu kaifi, sitiyari na fizge hannu, in ka kama shi da babban yatsa a ciki sai ya nemi karya maka shi. In an gangara kwari sai yashi, a sauka a rage iskar taya, in an hau tudu a sake bugawa da famfon hannu. Mamman ke bugawa, yana tari, yana cewa bawa na zaune ubangida na aiki, duniya ta juye.

Kafin rana ta faɗi Agali ya nuna bayan wani dutse, muka jera motocin. Haka ake yi a can. Ba a kwana inda za a hango ka, ba a kwana cikin kwari. Aka tsinto saiwoyi da kashin raƙuma aka hura wuta, Agali ya kwaɓa gari ya binne cikin toka da yashi, ya fito gurasa. Muna cikin ci Sidi ya ce in tashi in kwance kusar ƙarƙashin lagireto, in tsiyaye ruwan duka cikin jarka, in kawo masa jarkar da makulli inda zai kwanta. Na ce don me? Ya ce don shi ya ce.

Na yi, amma abin bai kwanta mini ba. Wanda ya koya mini mota a Gusau, Malam Dogo, ya taɓa zane ni da bel don na bar roka ta kwana lagireto bai cika ba. A wurinmu direban kirki da yamma yake cika ruwa, ya duba mai, da asuba tayarwa kawai. Mota ta kwana ba ruwa, wannan aikin ragon yaron mota ne. Dalili ɗaya na hango, Sidi na tsoron in gudu masa da mota. Na gaya wa Mamman haka, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Ya gane ka," in ji shi. "Balarabe ya san bawa in ya gan shi. Saura ya ɗaure maka ƙafa."

Rana ta biyu hawa muka yi ta yi har kunnuwana suka toshe. Mota na nishi, hayaƙi baƙi. Duwatsu tsaye kamar an jera rumbuna na aljanu. Mamman ya ce dutsen Kwatarkwashi in ya zo nan sai dai a goya shi. Da rana zafi kamar ko'ina, rana na karkatawa sai iska ta fara yanka fata. Rigunanmu na gida ne, da suwaita ɗaya ɗaya ta gwanjo.

Rana ta uku na taka wani dutse ya yanke taya. Sidi ya sauko ya ce mini direban jaki, ya ce duk baƙin da ya zo masa sai ya ce shekara ashirin yake tuƙi. Na girme shi da shekara goma ko fi. Na canza taya muka ci gaba. Da yamma muka sauka a wani fili bisa tudu, wuri mafi tsawo da muka hau. Na tsiyaye ruwa. Ya karɓi makulli, jarkar kuwa ya bar ta kusa da wuta. Agali ya ga ina hararar ta, ya ce mini a ƙasar nan ruwa da mutane yake kwana, ba da mota ba. Na ɗauka irin zancen Buzaye ne da ba kai ba gindi. Da ya ƙara kalma ɗaya da na gane. Da ni ma na tambaya da ya faɗa.

Suna kwanciya na ɗauki jarkar na mayar da ruwan cikin lagireto, na cika shi har baki. So nake da safe kafin Sidi ya shafa addu'a in ce masa ga motarka nan ba ta gudu ba, kuma a shirye take. Mamman ya leƙo daga cikin buhun da ya rufa da shi.

"Mi kaka yi?"

Na ce ina koya wa Balarabe aiki.

Da asuba na ɗauki buta zan yi alwala, na karkata, ba abin da ya fito. Na girgiza, shiru. Ruwan ya zama dutse. Ni ƙanƙara a firjin masu sayar da lemo na san ta, sai wadda ke faɗowa da ruwan sama wani lokaci. Ban taɓa jin cewa ruwa na daskarewa da kansa a ajiye ba, balle ya kumbura. Na tsaya da buta a hannu, sai na tuna da lagireto. Na je na ɗaga murfin inji. Lagireto ya buɗe daga ƙasa kamar ƙwaryar da aka taka, ƙanƙara ta leƙo ta tsagar. Famfon ruwa shi ma ya tsage.

Sidi ya zo ya duba, ya dubi jarkar da ba komai ciki. Ya mare ni, ya sake marina. Mamman ya taso, na riƙe shi.

Kafin hantsi ya gama shawara shi kaɗai. Muka sauke lalle, muka kwashe sigarin motata muka lafta wa tasa har ta zauna kan tayoyinta. Ya ce zai je Janet ya samo lagireto da famfo, kwana huɗu ya dawo. Mota ba ta zama ita kaɗai a hanyar nan, kafin ya dawo an kwance ta har kusa. Mu za mu tsare ta. Ya ajiye mana jarka ɗaya da rabi na ruwa, da gari, da ɗan dabino.

Na ce masa na ji, laifina ne, ni zan zauna. Amma ya tafi da Mamman, tarinsa ya yi yawa, ko bisa kaya ne ya zauna. Gadi mutum ɗaya ya isa. Na durƙusa na roƙe shi, ni da ban taɓa durƙusa wa maigidana na Gusau ba.

"In na tafi da shi," in ji Sidi, "motar farko da ta biyo nan za ka hau ka bar mini tawa. Shi ne igiyar da na ɗaure ka da ita."

Agali ya shiga motar Sidi. Da za su tashi ya sauko kamar ya manta wani abu, ya ajiye bargonsa bisa buhu, da 'yar butar shayi da ƙullin sukari. Ya ce mini a hankali kada in bar shi ya kwanta a ƙasa, kuma kome ya faru kada mu bar gindin mota mu ce za mu taka. Muka tsaya muna jin ƙarar motarsu har ta ɓace. Ban taɓa jin shiru irin wanda ya biyo baya ba. Ko ƙuda babu.

Mamman bai zage ni ba, da ya zage ni da na fi jin daɗi. Ya zaga ya duba inda iska ke fitowa, ya ce in kwaso masa duwatsu. Wuni guda ya tayar da katanga iya ƙirji daga jikin mota ta zagayo, ba laka ba siminti, ko wuƙa ba ta shiga tsakanin dutse da dutse. In na kawo wanda bai yi masa ba sai ya jefar ya ce lebura irina ko kyauta ba ya so. Muka shimfiɗa buhunan lalle a ciki, muka ja tamfol bisa. Ganyen lalle in ka kwanta kansa yana murƙushewa, garin na fitowa ta saƙar buhu, ya shiga hanci, ya shiga gashi. Cikin kwana biyu mun zama kore-kore.

Itace ne ya fara ƙarewa. Na tsince duk saiwar da ke kusa, na fara yin nisa, ina waiwayen mota kada ta ɓace mini. Ganyen lalle na ci da wuta amma hayaƙi ne kawai. Ruwa kuwa da shi muke kwana yanzu, jarka tsakaninmu kamar jariri.

Kwana huɗu suka cika. Na hau dutse tun safe na zauna har la'asar, ba kowa. A ranar zazzaɓi ya rufe Mamman. Ya ce haƙarƙarinsa na dama kamar ana soka masa tsinke in ya ja numfashi. Abin da yake tofarwa ya koma kalar tsatsa. Na jawo tayar da na yanka na cinna mata wuta da man gas. Taya na da zafi, tana daɗewa, sai dai hayaƙinta na ƙara masa tari. Ko ya sha hayaƙi ko ya daskare, na zaɓar masa hayaƙi. Washegari na ƙona ɗaya safayar, na bi da katifar kujera.

In zazzaɓin ya sauka sai ya yi ta zancen gida. Ya ce hoce, wainar dawa ta wajenmu, yake so mai zafi da man shanu, ko rabi ne. Ya ce ya gina wa rabin Tsafe ɗaki, nasa na nan shekara uku ba rufi. Sannan ya gaya mini abin da ban sani ba. Ranar da zai taho, matarsa Ige ta tambaye shi wanda ya ba shi labarin Libiya ko da idonsa ya gani.

"Na ce mata ka taɓa zuwa har sau biyu," in ji shi. "In ka koma kada ka ƙaryata ni."

Na ce tare za mu koma ya ƙaryata kansa.

Rana ta shida da tafiyar Sidi, da hantsi, na ji inji. Na fito da gudu ina kaɗa riga. Akori-kura ce, bayanta cike da mutane sun rufe fuskoki. Direban ya tsaya bai kashe mota ba, ya yi mini sallama da Hausa, Hausar Nijeriya tsantsa. Na san garinsu daga bakinsa, ba zan faɗa ba kada mutanen kirki na garin su ji kunya. Ya ce mini ɗan'uwa, me ya same ku? Wallahi sai da hawaye ya zubo mini. Ya sauko ya leƙa Mamman, ya yi salati, ya ce wannan asibiti yake so, Janet kwana ɗaya da wuni ne. Ya ce zai ɗauke shi gaba kusa da shi. Matsala ɗaya, batirinsa ya mutu, shi ya sa ba ya kashe mota, in ta mutu a hanya duk sun halaka har da maras lafiya. Ya ce in ba shi na motarmu, tunda ita ba inda za ta.

Da hannuna na kwance batirin, da hannuna na kai masa na ajiye a ƙasan kujera. Na koma bayan katanga na naɗe Mamman cikin bargo, na goya shi. Ba shi da nauyi ko kaɗan. Ina zagayowa na ji an sa giya.

Na bi su da shi a bayana, ina kira. Ban yi taku ashirin ba na faɗi kan gwiwa. Mutanen da ke baya suna kallonmu, ba wanda ya buga wa direba rufin mota. Wata mata ce kawai ta kwance zanen da ta yafa ta jefo, iska ta kawo shi kusa da mu. Ban ga fuskarta ba. Allah ya saka mata inda duk take.

Na mayar da shi makwanci, na rufa masa zanen bisa bargo. Ya daɗe yana neman numfashi kafin ya samu na magana.

"Bawa ya kai batir kasuwa ya samo zane," in ji shi. "Ciniki ya yi kyau."

Wasan ƙarshe ke nan da ya yi mini.

Rana ta bakwai da ta takwas ba ya cin komai. Ina jiƙa dabino in matsa masa a baki, ina dafa ruwa da sauran sukarin Agali. Ni na daina sha sai in jiƙa harshe. Ran ta takwas da yamma hankalinsa ya dawo sarai. Na ce ya yafe mini, ni na rabo shi da gida da zancen tasha, ni na zuba ruwan nan. Ya ce ya gan ni ina zubawa bai hana ni ba, shi ma so yake in kunyata Balarabe. Ya ɗaga hannunsa ya duba, baƙin hayaƙin taya da koren lalle sun haɗu sun yi masa ɓawo. Wata uku da rabi rabonmu da wankan kirki.

"Garba, abu guda nika so. Kada ka rufe ni da dauɗa wagga. Ka yi mani wanka."

Na ce zan yi. Abin da ya rage a jarka a lokacin bai fi moɗa biyu ba.

Ya cika ran ta tara, rana na tsaka. Na rufe masa ido, na ɗaure haɓa da bakin rawanin da na yaga, na zauna. Ban san awa nawa ba. Da la'asar sakaliya sai ga motar Sidi.

Ya sauko ya wuce ni, ya zaga motarsa. Ya ga wayoyin tayoyin da na ƙona cikin toka, ya leƙa ya ga kujera ba katifa, ya ɗaga murfin inji ya ga gurbin batir. Ya fara zagi da Larabci. Agali ne ya leƙa bayan katanga, ya fito ya kama masa hannu ya yi masa magana. Sai Sidi ya daina zagi. Daga baya Agali ya gaya mini kwana uku suka yi a hanya, zuwa da dawowa, sauran duk a Janet suka yi su, Sidi na jiran mai sayen sigari ya ƙara farashi. Lagireto tun ranar da suka isa aka samu.

Na ga jarka uku a bayan motarsa. Na ce ya ba ni ɗaya in yi wa ɗan'uwana wanka, wasiyya ya bar mini. Ya ce ɗaya ta lagireto ce, biyu na mutum uku ne zuwa Janet, kuma rijiyar da ke hanya sun tarar ta ƙafe. Na ce rabi. Na ce ko kwata, zan yi dabara da tsumma. Agali ya ce a ba ni rabonsa, shi ya saba da ƙishi. Sidi ya ce ba wanda ke da rabo sai an ga Janet, in mota ta tafasa a hanya da me za a cika ta?

"Wanda ya mutu ya huta," in ji shi. "Addini ya ba da taimama. Yi masa taimama."

Akwai ƙarfen kwance taya kusa da ƙafata. Na dube shi, na dubi Sidi. Ban san hanya ba, ban san ko Agali zai bi ni ba, kuma kwana uku ban sha ruwan kirki ba, ko tsayuwa da ƙyar nake yi. Na bar ƙarfen inda yake.

Agali ya nuna mini yadda ake yi. Na buga hannu a ƙasa na shafi fuskar Mamman, na sake bugawa na shafi hannayensa. Ƙasa bisa dauɗa. Muka naɗe shi cikin zanen matar nan, bai kai ƙafa ba, muka ƙara da buhu. Muka gangara kwari inda shebur ke shiga muka haƙa. Da aka zo salla na tsaya ina duban Agali, shi ma yana dubana. Ni karatuna bai wuce na salla biyar ba, ban taɓa yi wa gawa limanci ba, shi ma haka. Sidi ne ya gyara rawani ya shige gaba, muka bi shi. Ya yi kabbara huɗu daidai, ya yi addu'a mai tsawo da Larabci mai kyau, na ce amin. Muka rufe, muka danne da manyan duwatsu saboda dila.

Da muka hau tudu ya miƙo mini moɗa cike da ruwa, na karɓa na shanye.

Washegari da safe na ɗauki sifana na shiga ƙarƙashin mota. Na kwance tsohon lagireto, na ɗaura sabo, na sa famfo. Na ɗaga jarkar nan na juye ta duka har ruwa ya taɓo baki. Muka tayar da ita da batirin motar Sidi, na mayar da buhunan lalle, na ɗora bulo na katako inda kujera take na zauna, na sa giya ɗaya na bi bayansa.